Ƙarin Ɗaci

Leda uku Sahabi ya aiko mini daga Kano,
garin baƙin tsimi: soyayyiyar dawa, dabino, ɗan kanumfari.
A bayan ledar sun gama magana:
ruwa lita biyar, a tafasa, a rufe kwana uku,
kada a ƙara, kada a rage.
Na sa tabarau na karanta sau biyu.
Wanda ya rubuta bai taɓa ganin bakina ba.

Ta farko na bi su sau da ƙafa.
Ya fito baƙi wuluk, kamar ruwan marina,
farin kumfa zaune a kansa.
Na kurɓa. Zaƙi ya shigo ya sami tabarma,
shi kaɗai, baƙon da bai zo da labari ba.
Fassuma ta ce ya yi. Jikoki suka side kwano.
Ni kuwa na fita neman goro.

Ranar Alhamis na hau kabu-kabu zuwa Kasuwar Dole,
rumfar tsoho Gambo, mai sassaƙe da saiwa.
Ɓawon maɗaci na dala ashirin, kimba ɗauri guda.
Ya dube ni: zazzaɓi ne?
Na ce a'a, harshe ne ya gaji da lallashi.
Ya ce to ji nan:
in ka jefa tun ruwa na sanyi, ɗacin har ƙashi,
in ka bari sai za ka sauke, ƙamshi kawai za ka tsinta.
Bai gaya mini nawa ba.
Wannan, in ji shi, tsakaninka da tukunyarka.

Kwana huɗu famfo bai yi ko tari ba a Birni,
ruwan nan na ɗan ga-ruwa ne, da kuɗina na saye shi,
ba na wasa ba ne.
Na jefa ɓawo ɗaya tun kafin ya yi zafi.
Na tsaya. Hannu ya koma aljihu, ya fito da na biyu.
Kimba na bari sai da wuta ta kwanta.
Na juye a tulu, na ɗaure bakin da tsohon rawanina na tafiya.

Kwana uku ina wucewa ta gefensa
kamar mai bin bashi da ke jin kunyar sallama.

Da na buɗe, Fassuma ta tofar bayan murhu.
Lawali maƙwabci ya yamutse fuska har kunne,
ya ce ka kashe ruwa, Allah ya jiƙan dabino.
Ni ma, gaskiya, hawaye ya zo.
Na mayar da rawani na ɗaure. Ban zubar ba.

Shekara talatin ina jan mota zuwa Agadas,
kofin farko na shayi shi ke buɗe mini hanya,
ba na ƙarshe ba, wanda ake ba yara.
Kafin nan ma, an ce da maɗaci Inna ta yaye ni,
ta shafa, na yi kuka kwana biyu,
na uku na kama tuwo da hannu biyu.

Ranar bakwai, bayan la'asar,
inuwar duwatsu ta kai ƙofar gida,
na ɗiba a ƙaramin moɗa.
Ɗaci ya fara shiga, ya share wuri,
ya tsaya a maƙogwaro yana jira,
can sai ga dabino daga baya, a hankali,
dawa na bin sa da warin gawayi.
Ban kira kowa ba. Na ƙara rabi.

Leda ɗaya ta rage a kan kwabet.
Ƙarƙashin "kada a ƙara" na rubuta da biro:
ɓawo ɗaya da rabi, kwana bakwai.
Rabin nan ma ban tabbata ba.

Jiya Sahabi ya bugo waya:
Baba, ka dai bi yadda suka rubuta?
Na ce ruwan dai lita biyar na sa.